Remploy: Masana'antun Naƙasassu na Birtaniya da Takardar da Ta Zo a Makare

A ranar 31 ga Oktoba, 2013 aka kashe injuna a wasu masana'antu uku na ƙasar Birtaniya, ɗaya a Blackburn, ɗaya a Sheffield, ɗaya a Neath da ke yankin Wales. Kujeru da tebura ake yi a cikinsu, kuma galibin ma'aikatansu naƙasassu ne. Su ne na ƙarshe da aka rufe cikin masana'antun Remploy, kamfanin da gwamnati ta kafa a 1945 domin ya ba naƙasassu aikin yi a wurin da aka keɓe musu. Akwai lokacin da kamfanin nan yake da masana'antu sama da 90 da ma'aikata fiye da 10,000.

Abin da ya sa na ɗauko tarihin nan tambaya ce guda ɗaya. Idan hukuma ta gina wa mai lalura wurin aiki na musamman, ta kare shi daga gogayya da masu cikakkiyar lafiya, wa zai tanadar masa abin da zai riƙe ranar da wurin ya gushe? Mutum ya shekara ashirin ko talatin yana haɗa ƙafar kujera a kan inji ɗaya, ga albashi, ga abokai, ga fansho yana jiransa. Sai wata safiya a ce masa an rufe, ya je ya nemi aiki a kasuwar kowa da kowa. Me ke hannunsa? Birtaniya ta ba da amsa a 2001, inda ta ce kowane ma'aikaci a rubuta masa takardar tsarin ci gabansa. Yadda aka yi aka kai ga takardar, da dalilin da ya sa ba ta ceci mutane da yawa ba, shi ne zan bi daki-daki.

Kafin Remploy

Keɓe wa naƙasassu wurin sana'a tsohon abu ne a Birtaniya, kuma da makafi aka fara. An buɗe makarantar makafi a Liverpool a 1791, aka kafa wata cibiya a Edinburgh a 1793. A irin wuraren nan ana koyar da saƙar kwando da tabarma da haɗa buroshi, a sayar, a ba ma'aikaci ɗan abin da ya samu. Masu kuɗi da majami'u ke riƙe da su, saboda haka abin da makaho zai samu ya danganta da tausayin mai bayarwa.

Makafin ba su yi shiru ba. A watan Afrilun 1920, 'yan ƙungiyar ƙwadagon makafi kimanin 250 suka taso da ƙafa daga Newport da Manchester da Leeds har Landan, suna cewa adalci suke nema, ba sadaka ba. Firaminista Lloyd George ya gana da wakilansu, kuma a shekarar aka yi dokar makafi wadda ta ɗora wa ƙananan hukumomi nauyin kula da su, ta kuma sauko da shekarun karɓar fansho ga makaho daga 70 zuwa 50.

A daidai wannan lokaci ƙasar na fama da mazan jiya da suka dawo daga Yaƙin Duniya na Farko babu hannu, babu ƙafa, wasu huhu ya lalace. A 1919 gwamnati ta roƙi kamfanoni su riƙa ɗaukar irin sojojin nan har su kai kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu, wanda ya yi haka a sa sunansa cikin wani kundin girmamawa na Sarki. Roƙo ne, babu tilas. A 1922 kuma wani hafsan soja, Manjo George Howson, ya kafa masana'antar da ke yin jan furen da Turawan Ingila ke maƙalawa a ƙirji don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi, ya cika ta da naƙasassun sojoji. Duk da haka da yawa daga cikinsu sun ƙare rayuwa cikin talauci, kuma abin ya tsaya wa 'yan siyasar da suka gan shi da idonsu a rai.

Tomlinson da Bevin

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya lissafi. Da aka kwashe majiya ƙarfi zuwa fagen daga, masana'antu suka rasa hannu, sai aka juyo kan mutanen da a da ake cewa ba za su iya aiki ba. Aka ɗauke su, suka yi aikin. Ministan ƙwadago na lokacin, Ernest Bevin, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwadago ne, kuma ya ƙudurta cewa ba za a maimaita abin da ya biyo bayan 1918 ba. Ya kafa kwamiti a ƙarƙashin mataimakinsa George Tomlinson, wanda ya miƙa rahotonsa a 1943.

Ina so mai karatu ya riƙe abin da rahoton ya tsaya a kai, domin nan ne tushen duk gardamar da ta biyo baya. Kwamitin ya ce mafita ta gaskiya ga naƙasasshe ita ce aiki na yau da kullum, wanda zai samu ya kuma riƙe da cancantarsa, kafaɗa da kafaɗa da sauran ma'aikata. Wurin aiki na keɓe kuwa na 'yan tsiraru ne da lalurarsu ta yi tsanani.

Daga rahoton aka yi dokar samar wa naƙasassu aiki ta 1944. Dokar ta buɗe rajista, wanda ya shiga a ba shi koren kati. Ta ce duk mai ma'aikata 20 ko fiye, dole wani kaso na ma'aikatansa su zama masu rajista, aka tsayar da kason a kan 3 cikin 100. Aka ware sana'o'i biyu aka ce na naƙasassu ne kaɗai: gadin wurin ajiye motoci da tuƙa na'urar hawa bene. Sannan dokar ta ba minista ikon kafa kamfanin da zai ɗauki waɗanda ba za su samu aiki a waje ba. Kamfanin da aka kafa a 1945 shi ne daga baya aka raɗa wa suna Remploy, daga kalmar Turanci mai nufin a sake ɗaukar mutum aiki.

An buɗe masana'antar farko a Bridgend da ke kudancin Wales a 1946. Kayan katako ake yi da kuma gogen Turawa. Yankin na masu haƙar kwal ne, don haka da yawa daga cikin ma'aikatan farko mahaƙa ne da rami ya karya ko ƙura ta cinye musu huhu. Daga nan masana'antu suka yi ta yaɗuwa, musamman a garuruwan kwal da ƙarfe da masaƙu.

Zangon da ya zama gari

Wanda ya san tarihin fataucin goro ya san yadda zango yake. Wurin sauke kaya ne, a huta, a ba dabbobi ruwa, a wuce. Amma a Kumasi da wasu garuruwan kurmi zango ya zama unguwa, har aka haifi jikoki a ciki. Haka ta faru da Remploy. A tunanin waɗanda suka tsara dokar, akwai masu shiga su warware, su koyi aiki, su wuce kasuwar kowa. A zahiri mafi yawan waɗanda suka shiga sun zauna ne har ritaya.

Ni ban ga laifinsu ba. Aikin na gaske ne. Remploy ta yi kujerun makarantu da kantocin ɗakunan karatu, ta yi keken guragu da takalman masu lalurar ƙafa, ta ɗinke littattafai, ta yi saƙa, ta ɗinka wa sojoji rigunan kariya daga iska mai guba, ta haɗa sassan motoci. Ma'aikata na da ƙungiyar ƙwadago mai zama da hukumar kamfani a kan albashi, suna da hutu, suna da fansho. Mai farfaɗiya ya san in ta buge shi a bakin aiki, na kusa da shi sun san abin yi, kuma gobe ba za a sallame shi ba. Kurma yana da masu fahimtar hannunsa. Ga mutumin da aka yi ta yi wa dariya tun yana makaranta, wannan ba ƙaramar dukiya ba ce.

A waje kuma ƙofar da dokar 1944 ta ce a buɗe ba ta buɗu sosai ba. Kamfanoni da yawa ba su cika kashi ukun ba, ma'aikatar ƙwadago kuma ta riƙa ba su takardar izinin ɗaukar wasu a madadin. Cikin shekara hamsin da dokar ta yi tana aiki, shari'o'in da aka yi kan karya ta ba su wuce goma ba. To wanda ke cikin Remploy, ina zai nufa? Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Akwai kuma wani ƙulli a cikin ginin kansa. Manajan masana'anta yana da odar da zai cika da ranar da zai miƙa kaya. Ma'aikacin da ya fi kowa ƙwarewa shi ne wanda ya fi dacewa ya fita ya samu aiki a waje, kuma shi ne wanda manaja ba zai so ya rasa ba. An ɗora wa mutum ɗaya ayyuka biyu masu jan juna: ya rage asarar kamfani, ya kuma sallami gwanayensa. Ba sai an yi dogon tunani ba kafin a san wanne zai zaɓa.

Iska ta juya

Daga shekarun 1970 abubuwa uku suka taso wa tsarin. Na farko daga naƙasassun kansu ya fito. A 1972 wani mai suna Paul Hunt, wanda ya daɗe a gidan kula da naƙasassu, ya yi kiran da ya haifar da ƙungiyar UPIAS. Matsayinsu shi ne lalurar jiki daban, shingen da al'umma ke gindaya wa mai lalura daban: matakalar da keke ba ya hawa, motar haya da ba a iya shiga, mai ɗaukar aiki da ya yanke hukunci tun kafin a buɗe baki. Malamin jami'a Mike Oliver ya yaɗa wannan fahimta a farkon shekarun 1980. A idon masu wannan ra'ayi, masana'antar keɓe wariya ce, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya.

Na biyu daga Amurka ya zo. A can wasu masana suka juya tsohon tsari na a horar da mutum shekaru kafin a nema masa aiki. Suka ce a fara sama masa aikin a kamfani na yau da kullum, a haɗa shi da mai koya masa a bakin aikin, in ya kama hanya mai koyarwar ya riƙa ja da baya. Remploy ma ta karɓi wani abu na wannan dabara, domin a 1988 ta buɗe sashe mai suna Interwork da ke tura mutane aiki a wasu kamfanoni.

Na uku kasuwa ce. Masana'antun Birtaniya gaba ɗaya suna ja da baya, ɗinki da saƙa suna komawa ƙasashen da ƙwadago ke da araha. A 1994 gwamnati ta soke fifikon da ake ba masana'antun naƙasassu wajen kwangilolin hukuma, ta kafa hujja da dokokin cinikin Tarayyar Turai. A shekarar ne kuma aka fara shirin Access to Work, wanda ke biya wa naƙasasshe kuɗin na'ura ko tafinta ko abin hawa don ya yi aiki a duk inda ya samu. Shekara ɗaya bayan haka, a 1995, aka yi dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta share rajista da koren kati da kashi uku, ta maye gurbinsu da haƙƙin kai ƙara da wajabta wa mai aiki ya gyara wurin aikinsa daidai gwargwado.

Takardar ci gaba

A watan Afrilun 2001 gwamnatin Tony Blair ta sake fasalin duk shirin aikin tallafi, ta kira shi WORKSTEP. Ya shafi Remploy da masana'antun ƙananan hukumomi da na ƙungiyoyin agaji. Sabon abin da ya kawo shi ne kowane ma'aikaci a zauna da shi a rubuta takardar tsarin ci gabansa. A ciki za a faɗi abin da ya iya, da abin da yake buri, da horon da yake buƙata, da tallafin da za a ba shi, da lokacin da za a sake zama a duba inda aka kwana. Manufar ita ce wanda zai iya, ya kai ga aikin da ba ya buƙatar tallafi, wanda ba zai iya ba kuma ya ci gaba a inda yake. Aka kuma sa masu duba ingancin ilimin manya su riƙa zagayawa suna bincike.

Tunanin mai kyau ne, kuma wannan ne karon farko da aka mayar da makomar ma'aikaci ɗaya tilo abin da hukuma za ta tambaya a kai. Akwai waɗanda ta wannan hanya suka koyi karatu da lissafi suna da shekara arba'in, wasu suka samu takardar shaidar sana'a, wasu suka fara taɓa kwamfuta.

Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar ta zo shekara 55 bayan buɗe Bridgend, ta tarar da ma'aikatan da yawancinsu sun manyanta, a garuruwan da ramukan kwal da masana'antun ƙarfe suka riga suka mutu, inda mai cikakkiyar lafiya ma yake neman aiki ruwa a jallo. Ta kuma tarar da ƙullin nan da na ambata yana nan daram: wanda zai zauna da ma'aikaci su tsara fitarsa, shi ne mai buƙatar ya zauna. Shi kansa ma'aikacin yana da nasa lissafin. In ya bar kujerarsa ya tafi kanti ko otal, aka yi wata uku aka ce bai dace ba, fanshonsa fa? Kujerar fa, zai tarar da ita? Wanda ake tambaya burinsa alhali yana zargin so ake a rabu da shi, zai faɗi abin da zai sa a ƙyale shi ne. Ta haka takarda ke zama abin da ake cikewa domin mai bincike ya gani, a mayar da ita cikin durowa.

A 2005 ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasa ya fitar da rahoto. Ya nuna cewa masu fita zuwa aikin da babu tallafi ba su da yawa, har akwai kaso mai tsoka na masu gudanar da shirin da ba su fitar da ko mutum ɗaya ba tun da aka fara. Ya kuma nuna cewa kowane gurbi a masana'antun Remploy yana cin kimanin fam 18,000 a shekara, abin da ya ninka na Interwork sau da yawa. Daga ranar, lissafin kuɗi ya shiga gaban kowace magana.

Rufewa

A 2007 Remploy na da masana'antu 83. Hukumar kamfanin ta kawo shawarar rufe ko haɗe fiye da 40. Wani abin da ya ba ma'aikata mamaki shi ne wasu manyan ƙungiyoyin agajin naƙasassu, irin su Mencap da Mind da Scope, sun fito fili sun goyi bayan rufewar, suna cewa zamanin keɓewa ya wuce. Ƙungiyoyin ƙwadago suka yi ca. Minista Peter Hain ya rage adadin, ya ware wa kamfanin fam miliyan 555 na shekara biyar, amma a 2008 masana'antu 29 suka tafi, saura 54. Daga baya ƙungiyar ƙwadago ta GMB ta ce binciken da ta yi ya nuna mafi yawan waɗanda aka sallama ba su sake samun aiki ba.

Da gwamnatin David Cameron ta hau, ta ba Liz Sayce, shugabar ƙungiyar kare haƙƙin naƙasassu ta RADAR, aikin duba yadda ake kashe kuɗin. Rahotonta na Yunin 2011 ya ce kuɗi ya riƙa bin mutum, ya daina bin gini. Hujjar da gwamnati ta riƙe ita ce kowane ma'aikacin masana'anta yana cin tallafin kusan fam 25,000 a shekara, alhali matsakaicin abin da Access to Work ke kashe wa mutum ɗaya fam 2,900 ne. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na kasafin fam miliyan 320 yana tafiya ne kan mutane 2,000 da 'yan kai.

A watan Maris na 2012 ministar naƙasassu Maria Miller ta sanar da shirin rufe 36 daga cikin 54, abin da ya shafi ma'aikata sama da 1,700. A watan Yuli ma'aikatan suka shiga yajin aiki a ƙarƙashin GMB da Unite. Abin da suke faɗa shi ne an bar masana'antun sun bushe da gangan, ba a nemo musu kwangila ba, an cika saman kamfanin da manajoji masu tsada, sannan aka juyo aka ce ba sa riba. Masu fafutukar naƙasassu kansu suka rabu biyu. Wasu suka ce ko da keɓewa ba ta da kyau, tura mutum layin marasa aiki a tsakiyar matsin tattalin arziki ba 'yanci ba ne.

Gwamnati ta ware fam miliyan 8 don tallafa wa waɗanda aka sallama, kowa da jami'in da zai bi lamarinsa har wata 18. A watannin farko waɗanda suka samu aiki 'yan ƙalilan ne. Adadin ya ƙaru daga baya, amma da yawa ba su sake komawa bakin aiki ba, wasu kuma sun samu na 'yan sa'o'i da albashin da bai kai na da ba. Gwamnatin yankin Wales ta fito da nata tallafin ga duk kamfanin da ya ɗauki tsohon ma'aikacin Remploy. A York da Leeds wasu ma'aikata suka haɗa kai suka kafa kamfanonin haɗin gwiwa na kansu. An sayar da 'yan masana'antu kaɗan. Sashen nema wa mutane aiki shi ya rayu, kuma a 2015 ya fita daga hannun gwamnati, kamfanin Maximus na Amurka ya ɗauki kashi 70, ma'aikata suka riƙe 30.

Yadda wasu suka yi

Don kada a ɗauka hanya ɗaya ce, ga misalai biyu. Jamus ta riƙe nata wuraren aikin na keɓe, inda mutane kusan 300,000 ke aiki, amma masu fita zuwa kasuwar kowa ba su kai 1 cikin 100 a shekara ba, kuma abin da ake biyan su bai kai mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba. Suwidin kuwa tana da kamfanin gwamnati mai suna Samhall da aka kafa a 1980. Ya bar dogaro da masana'antu ya koma ayyuka irin su shara da wanki a cikin wasu kamfanoni. Gwamnati na yanka masa adadin mutanen da dole ya fitar zuwa wasu ma'aikatu kowace shekara, kuma wanda ya fita yana da damar dawowa cikin wata 12 in abin bai yiwu ba. Wannan dama ta dawowa, a ganina, ta fi dogon wa'azi amfani wajen sa mutum ya gwada sa'arsa. Duk da haka a 2023 masu binciken kuɗin Suwidin sun soki kamfanin da cewa neman ciniki ya danne aikin raya ma'aikata. Ƙullin dai shi ne na Remploy.

Abin ya taɓa mu ma. A farkon shekarun 1960 gwamnatin Kwame Nkrumah ta gayyaci John Wilson, makahon Baturen da ya kafa ƙungiyar kula da makafi ta ƙasashen rainon Ingila, ya ba ta shawara. Tsarin da Ghana ta ɗauka, na rajistar naƙasassu da cibiyoyin koyon sana'a a birni da karkara, daga tunanin Birtaniya na shekarun 1940 aka ɗebo shi. Nijeriya kuma, a dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce hukumomin gwamnati su ba naƙasassu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Wanda ya san abin da ya faru da kashi ukun Birtaniya ya san rubuta kaso a doka ɗaya ne, bin sa a aikace ɗaya ne.

Abin da na fahimta

Ban yarda da masu cewa Remploy kuskure ce tun farko ba. Ta ciyar da gidaje dubbai na kusan shekara saba'in, ta ba mutanen da aka yi watsi da su damar cewa ga abin da hannuna ya yi. Ban kuma yarda da cewa ya kamata a bar ta yadda take har abada ba, domin matashi mai lalura a yau yana da haƙƙin ya yi mafarkin abin da ya wuce injin da aka zaɓa masa. Inda aka yi sakaci shi ne tsakanin 1946 da 2001, shekarun da aka lamunce wa mutum aikin yau, ba a tambaye shi na gobe ba.

Takardar tsarin ci gaba tana aiki ne idan ta cika wasu sharuɗɗa da tarihin nan ya fito da su. A fara ta ranar da mutum ya shigo, tun yana da sauran ƙuruciya da ƙarfin koyo. Ta zama tasa, da bakinsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda zai taya shi rubuta ta kada ya zama mai asara in ya tafi. Abin da ya koya ya zo da shaidar da wani mai aiki zai gane, ya kuma zama sana'ar da ake nema a garin da yake zaune. A bar shi ya gwada waje alhali kujerarsa na jiransa. Sannan a yi aiki a kan masu ɗaukar ma'aikata kamar yadda ake yi a kan shi, domin duk shirin da ya yi, in ƙofa a rufe take, a waje zai tsaya.

Duk mai riƙe da cibiyar koya wa makafi saƙa, ko shagon da guragu ke ƙera keke, ko wata ƙungiya da ke samun tallafi daga gwamnati ko daga ƙetare, ya kamata ya sani cewa tallafi yana da ranar yankewa. Ma'aikatan Blackburn da Sheffield da Neath gwamnatin ƙasa mai arziki ce ta tsaya musu, da dokar majalisa a bayansu, kuma ranar ta zo musu. Tambayar da ya kamata a riƙa yi wa kowane ma'aikaci, tun wurin yana da rai, ita ce: in aka wayi gari babu nan, me ka iya, wa ya san ka iya shi, kuma ina za ka kai shi?